Ranar da Na Raka Ɗan Abokina da Laima

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zariya, mutum yana rataye ta a ƙugu kamar laya, ni ma na riƙe muƙami a harkar ƙwallo. Kada ku yi dariya. Ban taɓa buga wa kowa ba, gwiwata ba ta yarda da gudu ba tun ina saurayi. Amma a ƙungiyar unguwarmu ta Samaru ni ne mai laima. Muƙami ne babba, ba zaɓe, ba wa'adi.

Bari in yi wa yaran yanzu bayani. A filinmu na bayan firamare, duk ɗan wasan abokan karawa da alƙali ya ɗaga wa jan kati, ba ma barinsa ya fita shi kaɗai. Ai baƙo ne, baƙo kuwa rakiya ake masa. Sai in miƙe, in gyara hula, in buɗe wata tsohuwar baƙar laima mai karyayyen ƙarfe ɗaya, in tare shi a bakin layi, in riƙe masa har ƙofar fita. Samari suna biye da mu da galan da gwangwani, suna waƙar "Sai wata rana, a gai da mutan gida!" Ni kuwa fuska a ɗaure kamar mai raka gwamna, ina ta cewa, "A ba baƙo hanya." Wasu su fashe da dariya duk da haushin da suke ciki, wasu su zage ni. Wani ya taɓa jifana da takalmi, ƙafar hagu, na adana masa har ya aiko aka karɓa.

Aikina na gaskiya tuƙi ne, direba nake a jami'a. Karatuna a aji huɗu ya yi faci, ba a kuma samu mai gyara ba. Ina da aboki bakanike a Sabon Gari, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, wanda na fara kai wa mota tun ba mu da furfura. Farfesa yake kirana, wai na ɗauki masu ilimi a mota har ya kamata a ce wani abu ya shafe ni. Ni kuma Injiniya nake ce masa, don duk motar da ya taɓa sai ta sake dawowa gaishe shi.

Akwai abin da ke tsakaninmu wanda ya fi wasa. Duk jajiberin Kirsimeti ni nake zuwa gidansa in yanka abin da ya saya, akuya ko kaji, domin mu da maƙwabtansa Musulmi mu ci ba tare da wasi-wasi ba. Da layya kuma cinyar ragona ta gidansa ce. Ba ya aiko da dogon saƙo. Babban ɗansa ne yake zuwa a babur da hantsi, ya durƙusa ya ce, "Baba, an ce ka zo da wuƙarka."

Wannan ɗan nasa rabinsa a gidana ya girma. Hutu ɗaya a wurinmu, hutu ɗaya ɗana a wurinsu. Ya girmi nawa kaɗan, shi ya sa nawa yake ce masa Yaya. Wani hutu suna ƙanana na kai su Shika wurin wani ɗan uwana mai kiwon talotalo. Wani ƙaton namiji ya kumbura, ya buɗe wutsiya, ya zaɓi ɗan abokina a cikin yara duka. Yaro ya zura da gudu yana kiran mamarsa, ya haye shinge, shinge ya riƙe wando, shi ya wuce. Ɗana yana tsaye ya ga komai. Da muka dawo, mai ɗakina ta kafa doka cewa duk wanda ya sake ambaton talotalo a gidan nan ba shi ba tuwon dare. Dokar ta zauna, har muka ɗauka an manta.

Yara suka girma. Ɗan abokina ya zama mai tsaron baya kuma kyaftin na ƙungiyarsu ta Sabon Gari, dogo, mai sanyin hali, ko katin gargaɗi da wuya ka ga an ba shi. Nawa kuma ɗan gaba ne a Samaru, ƙafa ba laifi, amma bakinsa ya fi ƙafar gudu. Mutane suna cewa gado ya yi. Ban san wa suke nufi ba.

To, sai ga mu a wasan ƙarshe na kofin unguwanni, bayan an gama girbi, mu da su, a filinmu. Mutane har daga Bomo da Zabi. Abokina yana can tsallake a kan benci da mutanensa, ya ɗago min hannu ya yi ihu, "Farfesa, yau laimarka hutu take!" Na ce, "Injiniya, ai na shafa mata mai." A bayansa na hango yarinyar da ɗansa yake nema, ta zo da ƙawayenta.

Har aka tafi hutun rabin lokaci ɗana bai ga ƙwallo ba. Yayan nasa ya saka shi a aljihu ya ja zif. Da aka dawo, aka samu bugun kwana, sai na ga ɗana ya matsa kusa da kunnensa. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga kyaftin ya waiwaya kamar an tsikare shi da allura. Kwana ta biyu, ya sake. A ta uku ɗan banzan nan bai tsaya a kunne ba. Ya sa hannu a ƙarƙashin haɓa yana kaɗawa, ya miƙa wuya, ya buɗe hannu ɗaya a baya kamar wutsiya, ya saki "Gulu-gulu-gulu!" da ƙarfin da har masu sayar da rake suka ji. Sannan ya kama wandonsa ya yi kamar mai gudu.

'Yan kallo ba su san labarin ba, amma dariya ba ta neman bayani. Fili ya ɗauka. Kafin ka ce me, kyaftin ya ɗauke shi da mari, irin wanda ake ji a haƙori ko daga nesa. Ɗana ya zube yana birgima kamar an sare shi da gatari. Alƙali ya busa usur, ya laluba aljihu, ya zaro jan katinsa da ya yanko daga kwalin shayi. A nan ba ni da ƙorafi. Mari mari ne, ko a littafin aji huɗu.

Sai na ji galan ya fara. "Baba mai laima! Baba mai laima!" Wani ya cusa min laimar a hannu. Na ce, "Ku dakata, wanda aka kora ɗin nan shi ma ɗana ne." Wani matashi ya ce, "Haba Baba, sauran da ka raka ba su da iyaye ne?" Gaskiya ya faɗa, ɗan nema. Kuma na duba na ga hanyar fita ta tsakiyar mutanenmu ta bi. In ban je ba, samari za su raka shi su kaɗai, su kuwa ba su san inda wasa yake tsayawa ba.

Na miƙe, na gyara hula, na buɗe laima, na tare shi a bakin layi. Da na ɗaga kai zan fara "A ba baƙo hanya," sai na ga fuskarsa. Ƙaton nan kuka yake. Ba sauti, ya cije leɓe, amma hawaye har haɓa. Ga yarinyarsa can a tsaye, ga ubansa, ga mutanen Sabon Gari da suke masa kallon zaki.

Sai na karkata laimar. Na sauko da ita gaba da gefe har ta rufe masa fuska, ni ina tafe a makance ina tuntuɓe da ƙafafun mutane. Samari suka ɗauka sabon salon wulaƙanci na ƙirƙiro, suka ƙara wa galan wuta. A ƙarƙashin laimar ya ce da ni a hankali, "Baba, na mari ƙanena a gaban mutane." Kun ji abin da yake wa kuka. Ba katin ba, ba kofin ba. Na ce, "Ka riga ni ne kawai, ni ma da shi zan fara in mun koma gida." Ya yi wata dariya mai haɗe da majina, ya ce, "Don Allah kada ka faɗa wa kowa ka ga hawayena. Ko babana." Na ce na yi alkawari.

A ƙofa na kori samari suka koma. Ni ban koma ba. Muka zauna a gindin dalbejiya, na saya masa rake, ya wanke fuska. Ba a jima ba sai ga abokina ya fito yana tura babur ɗinsa. Ya ce wa ɗansa, "Hau mu tafi." Na ce, "Injiniya..." Bai kalle ni ba. Ya ce, "Alhaji, sannu da aiki." Tun da muke bai taɓa ce min Alhaji ba, ko ranar da na dawo daga Makka. Shi abin da ya gani daga tsallake, amininsa ya rufe wa ɗansa kai da laima ana kaɗa masa gwangwani. Bayanin yana bakina, alkawari ya danne shi.

Ina nan zaune na ji ihu daga cikin fili. Na ɗauka namu ne. Ashe mutanenmu, tun da suka ga abokan karawa sun ragu, kowa ya koma ɗan gaba, har masu tsaron baya suna neman suna. Mutum goma suka zura mana ɗaya, suka tafi da kofi Sabon Gari.

A gida ban samu damar cika alkawarin mari ba, mai ɗakina ta riga ni da baki. Ta ce wa ɗana, "Abin da ka gani don an ɗauke ka ɗan gida, shi ka kai fili ka sayar?" Ya ce, "Umma, ai dabara ce, kowa yana tsokana a ƙwallo." Na ce, "Tsokana da abin da kowa ya sani daban. Wannan da makullin gida ka shiga." Na ɗauke takalman ƙwallonsa na rataye a rumbu. Jan kati na cikin gida, ba ɗaukaka ƙara.

Abin haushi, ba a yi nisa ba aka ce min an ga yaran biyu a gidan kallon ƙwallo, benci ɗaya, suna cin gyaɗa a takarda ɗaya. Su sun gama. Mu tsofaffi muka rage. Na kai mota garejin abokina ba tare da komai ya same ta ba, na ce tana wani ƙara. Ya saurara ya ce, "Lafiyarta lau, Alhaji," ya koma ƙarƙashin wata motar.

Ranar jajiberin Kirsimeti na wasa wuƙata tun da safe, na ajiye a bayan ƙofa, na fito da tabarma ƙofar gida wai ina jin rediyo. Duk babur da ya shigo layi sai na miƙa wuya. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, rediyon nan fa ba batir a ciki." Na ce labaran ne ba daɗi, na rage murya. Hantsi ya wuce. Rana ta take. Na fara tunanin wane malami ya samo a Sabon Gari, kuma ko wuƙarsa ta kai tawa.

Ana shirin kiran azahar sai ga babur. Kyaftin ya sauka, ya durƙusa. "Baba, an ce ka zo da wuƙarka. An ce kuma ka taho da mai gulu-gulu."

Muna shiga gidan na ga abin da aka ɗaure a gindin gwaiba. Ba akuya ba, ba kaji ba. Talotalo ne, ƙato, ya kumbura yana kallonmu. Abokina yana zaune a kujera ya harɗe ƙafa. Ya ce, "Farfesa, ka makara. Haka kake barin masu ilimi a tasha?"

Sannan ya miƙe. Ya jawo ni gefe ya ce, "Yaron ya gaya wa mamarsa komai da safen nan, ita kuma ka san ta, ba ta riƙe magana. Shi ya sa na koma kasuwa na canja abin yanka. An ce ka karkata laimar." Na ce, "Ƙarfenta ne ya karye, ita ta karkata da kanta." Ya kalle ni ya daɗe, ya ce, "To, kada ka kawo min gyara. Bar ta haka."

Kyaftin da kansa ya danne tsuntsun, ya kama fukafukai, ko da yake na lura ya ƙara ɗaure mazagin wandonsa kafin ya sunkuya. Na yi bismillah na yanka. Figa kuma aka bar wa ɗana shi kaɗai, matan gidan sun zagaye shi suna cewa, "Yi mana kukan mana, an ce ka iya."

Yanzu kyaftin yana da tumbi da 'ya'ya, yarinyar nan ce uwarsu, kuma shi ya ba ni izinin wannan labari. Har yau in ina kallon ƙwallo aka kori ɗan wasan abokan hamayya, ina jin daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba, har tafi nake. Sai dai idona ya koyi wani abu. Kafin in tafa, ina duba fuskar mai fita, sannan in nemi wanda ya tsokane shi, wanda yawanci yana can kwance yana leƙen alƙali ta tsakanin yatsu. Laimar tana nan a bayan ƙofa kusa da wuƙar, ƙarfen nan a karye. Injiniya ya ce a bar ta haka, kuma wannan ne gyara ɗaya da ya taɓa yi min wanda bai dawo ba.