Kunnen Tsakiya na Jitar Zulkifli

Zulkifli mutumin garin Sara ne, manomin gero da riɗi da damina, makaɗin jita da rani. Ba shi da hayaniya, ba a kuma taɓa jin ya saɓa alkawarin kiɗa ba. Ya daɗe a ƙungiyar Alhaji Ɗan'azumi, mawaƙin biki da ke zaune a Birnin Kudu, kuma wannan gurbi ne ya rasa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Jitar lantarki ba ta da murya sai ta wasu ƙananan maganaɗisu da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyinta, kowanne an naɗe shi da waya mai sirancin gashi. Zulkifli yana kiransu kunnuwa, domin su ke jin motsin tsirkiya su kai wa sifika. Tasa uku gare ta. Na kusa da wuya ya fi ƙara, tun da a can tsirkiya ta fi lilo, na gindi kuwa ya fi rauni. Maganin wannan bai wuce sukudireba da haƙuri ba: a saukar da mai ƙarfin kaɗan, a ɗago mai raunin, a kaɗa, a saurara, a sake. Shi bai san amfanin kusoshin da ke gefen kunnuwan ke nan ba.

Ɗan'azumi ya yi ta haƙuri har ya gaji. "Malam Zulkifli," in ji shi, "jitar nan taka ko ta danne ni, ko in neme ta in rasa." Ya gaya masa cewa in ba ta daidaita ba kafin bikin da za su yi a Farin Dutse, zai ɗauko mai fiyano, wanda shi kaɗai ke yin aikin mutum uku.

Sai Zulkifli ya kai ta Gwaram wurin Munzali, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, mai naɗin wayar fanka da ta injin ban ruwa. Gwani ne a sana'arsa, wannan babu musu.

"Bawana ya zo da garayar Turawa," Munzali ya ce yana karɓa. "Ta ƙi ka ne, ko ta gano ba ka iya ba?"

"Kai da ba ka bambance kiɗa da kukan injin markaɗe."

Munzali ya kwance murfin, ya duba kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga naɗin na tsakiya ya bi hagu alhali sauran biyun sun bi dama. Ya ce wanda ya naɗa wannan ko bahago ne ko barci yake ji, kuma ga ciwon nan an gano. Zulkifli ya ce a hankali cewa na tsakiyar bai taɓa damunsa ba, hasali ma in ya haɗa shi da wani kunnen sai gurnanin janareta ya ɗauke daga sifika. Munzali ya yi dariya, ya ce shi ba zai karɓi ko sisi ba, zumunci ne. A nan Zulkifli ya bar masa jitar, domin a ganinsa ba a gardama da mai yi maka alheri.

Ya kamata a tsaya a auna abin da ya faru. Da gangan maƙera suka juya naɗin kunnen tsakiya, kuma ba naɗin kaɗai suka juya ba, har da fuskar maganaɗisun. Juyi biyu ke nan, saboda haka sautin tsirkiya yana fitowa daidai da na 'yan uwansa, ya ƙaru da su. Gurnanin lantarki kuwa ta waya kaɗai yake shiga, ba ruwansa da maganaɗisu, don haka sai ya tarar da kishiyarsa su kashe juna. Munzali ya ga juyi ɗaya, bai nemi na biyu ba. Ya sa reza ya yanke tsohuwar wayar, ya naɗa ta fanka, wadda ta fi kauri, ya bi da ita dama kamar sauran, ba ta kuma zagaya yadda ya kamata ba kafin gurbin ya cika.

A Farin Dutse, bayan la'asar, aka tayar da janareta. Gurnani ya cika fili. Da Zulkifli ya haɗa kunnen tsakiya da na wuya, sautinsu ya riƙa cin juna, abin da ya rage siriri ne kamar kukan sauro. Ya ari wuƙa ya ɗago kunnuwan duka har suka kusa taɓa tsirkiya, maganaɗisun suka riƙa janta, kiɗan ya soma rawa yana gocewa. Ɗan'azumi ya juyo. Ya miƙa hannu ya murɗe layin jitar, Zulkifli kuwa ya ci gaba da kaɗa abin da ba mai ji har aka tashi, don miƙewa a gaban jama'a ya fi masa nauyi.

Rashin sanin Munzali ba shi ne babban laifi ba, kowa yana da iyakarsa. Laifin shi ne ya ɗauka duk abin da ya saɓa wa naɗin fanka kuskure ne. Amma Zulkifli ma ba shi da mafita. Kunnensa ya ba shi hujja, ya faɗe ta sau ɗaya, ya janye ta saboda kara. Karar da ke hana mutum kare abin da ya tabbatar ba ladabi ba ce.

Bikin da ya biyo baya a Sundimina da fiyano aka yi shi, ba a aika wa Zulkifli ba. Da suka haɗu da Munzali a wurin wani suna, Munzali ya tambaye shi yaya garayar take tun da ta sha gyara.

"Sai godiya," in ji Zulkifli.