Bidiyon Bikin da Na Sayar a Cikin Na'urar Gem

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karanta wannan shafi. Ni ɗan cikin garin Daura ne, kuma a lokacin da abin nan ya same ni saurayi ne ni, na gama makaranta ina taya mahaifina zama a shagonsa na yadi a kasuwa. Ba na shaye-shaye, ba na yawon banza, abin da kawai aka san ni da shi wasan gem ne. Ina da na'ura irin wadda ake haɗawa da talabijin a sa mata faifai, kuma ɗabi'ata ita ce da zarar na kai ƙarshen wasa, faifan ba ya ƙara kwana a ɗakina. Sai in kai shi wurin wani dillali mai sayar da kayan wuta na hannu, mu yi musaya da wani. Ina da aboki tun na firamare wanda shi kuma duk faifan da ya shiga hannunsa ya shiga ke nan, jera su yake yi a kwali, wai wata rana zai so ya sake buga su. Nakan yi masa dariya in ce wa ke komawa kan raken da ya gama sha.

A daminar wata shekara aka yi bikin wata 'yar gwaggonmu a gidanmu. Ranar sa lalle mata suka rufe ƙofar cikin gida, aka kori duk wani namiji, suka shiga kiɗan ƙwarya. Yayata da nake bi tana cikinsu. Aurenta yana gidan malamai ne, surukinta malami ne da ake ɗaukar karatu a zaurensa, ita kuma mace ce mai kamun kai, ko a hanya ka gamu da ita da ƙyar za ka ga fuskarta. Amma ran nan, da yake mata ne zalla, an ce ta ajiye hijabi ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Wata ƙanwarmu ta ɗauki bidiyo da waya bisa alkawarin ba zai fita daga gidan ba. Bayan biki matan suka ce fuskar waya ta yi musu ƙanƙanta, suna so su gani a talabijin, sai Innarmu ta kira ni. Na juye bidiyon cikin na'urata, na kunna musu a falo, na fita na bar su suna ta dariya. Daga baya Yaya ta tsaya a kan ƙanwar tamu har ta goge na wayar a gabanta. Na cikin na'urar kuwa ba wanda ya tuna da shi, ni ma da na saka shi.

Bayan 'yan makonni sabon samfurin na'urar ya shigo, raina ya biya. Na tattara tsohuwar da sauran faifan da suka rage na kai wa dillalin nan, kamar yadda na saba. Ko kunna ta ban yi ba kafin in ba shi, balle in duba abin da ke ciki.

Wata safiya ina shirin fita kasuwa, wata gwaggonmu ta zo daga Sandamu. Rashin lafiya ya hana ta zuwa bikin, sai Inna ta ce in ɗan tsaya in kunna mata bidiyon nan ta ga abin da ya wuce ta. Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. A nan na tuna bidiyon yana cikin na'urar da na sayar. Na ce wa Inna na'urar tana wurin gyara, na fita ko karyawa ban yi ba. Daura ba ta da girman da fuskar mutum za ta ɓata a cikinta. In bidiyon nan ya shiga waya ɗaya, kafin la'asar ya zaga unguwanni, kuma ba Yaya kaɗai ke ciki ba, akwai matan aure da yawa na dangi da na maƙwabta.

Da na isa wurin dillalin, ya ce ai tuni ya sayar. Wani mai gidan gem ne daga Mashi ya saya, irin shagon da samari ke biya su buga ƙwallo a talabijin. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce na manta wani abu ne a ciki. Bai san sunan mutumin ba, ya dai ce shagon yana wajen tasha. Na ari babur ɗin abokin nan nawa mai ajiye faifai, wanda ya kalli fuskata bai tambaye ni komai ba ya miƙo min makulli. A hanya gero ya yi tsayi dama da hagu, hadari yana haɗuwa, amma ni ba abin da nake gani sai zauren surukin Yaya, da yadda wani zai miƙa wa mijinta waya ya ce ya duba. Duk addu'ar da na sani na karanta, wasu ma na riƙa maimaita farkonsu saboda ƙarshen ya ɓace min.

Na sami shagon bayan tambaya wurin 'yan acaɓa. Ɗaki ne na langa-langa, janareto yana ƙara a bayansa, ciki cike da samari a kan bencuna. Ina shiga na gane na'urata da wani tabo da ke gefenta. An gama wasa ke nan, ana gardamar wanda zai karɓa, wani saurayi mai jar riga yana riƙe da abin sarrafawa yana ta latse-latse cikin na'urar don rage lokaci. Ina kallo ya nufi wurin da ake ajiye hotuna da bidiyo. Ban yi shawara da kaina ba. Na tsallake benci na fizge wayar wutar daga bango, talabijin ya mutu, na rungume na'urar a ƙirjina.

Wani ya ce ɓarawo. Kafin in juya an riƙe min wuyan riga, mari ya sauka a kunnena, wani ya doke ni a baya. Mutane suka fara taruwa daga tasha, na ji ana cewa a fito da shi waje. Duk wanda ya taɓa ganin abin da taro ke yi wa wanda aka kira da wannan suna ya san irin tsoron da nake magana a kai. Suna ta tambayata me ya kawo ni, ni kuma ba halin in faɗa, domin in na ce akwai bidiyon mata a ciki, kowa a wurin zai so ya gani da idonsa kafin ya yarda. Sai na durƙusa na dunƙule a kan na'urar, ina cewa a kira mai shagon, don Allah a kira mai shagon. Na ji jini a bakina. A raina na riga na sallama cewa a nan za a kashe ni, a garin da ba wanda ya san ni.

Allah ya kawo mai shagon daga cikin kasuwa. Magidanci ne, ya girme ni sosai, ya daka musu tsawa suka ja baya. Na roƙe shi mu keɓe, ya kai ni bayan shagon kusa da janareto, inda ƙara ba za ta bari a ji mu ba, na gaya masa komai. Ya ce shi ma yana da ƙanne mata. Ya sallami samarin, ya rufe ƙofa, ya kunna na'urar ya juya wa talabijin baya, na goge bidiyon da hannuna. Na tambaye shi ko wani ya buɗe. Ya ce shi dai bai taɓa shiga wurin ba, amma ba zai rantse min a kan abin da bai sani ba, don yakan bar shagon a hannun yaran ya tafi harkokinsa, kuma na'urar ta kwana biyu a wurin.

Na yi masa godiya na fito. Ina ƙoƙarin tayar da babur, sai mai jar rigar nan da ke jingine da bango ya dube ni ya ce, a hankali, ba tare da dariya ba: “Ai da ka ce saboda bikin ne, da ba a taɓa ka ba.”

Ban san yadda na iso Daura ba. Ruwa ya dake ni a hanya ban ji ba. Ban koma na tambaye shi shi da wa suka gani ba, ko ya ɗauka a wayarsa, don na ji tsoron tambayar ta nuna masa abin yana da daraja. Kwanaki na yi ba na iya cin abinci. Duk wayar da ta yi ƙara a gidanmu sai gabana ya faɗi, in na ga samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya a bakin titi sai in canza hanya. Daga ƙarshe na ga gara Yaya ta ji daga bakina kafin ta ji a wani wuri.

Na same ta tana tsince shinkafa a faranti. Na faɗa mata tun daga farko, kaina a ƙasa. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, amma ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye farantin ta ce in tashi in tafi gida, ita za ta gaya wa mijinta da kanta. Daga baya na ji cewa mijin ya ce ba ta da laifi, a cikin mata 'yan uwanta ta yi, kuma in wani abu ya fito shi zai tsaya. Ni kuwa ya ɗauki lokaci mai tsawo bai wuce amsa min gaisuwa ba.

Shekaru sun wuce, bidiyon bai fito ba, kuma ina roƙon Allah ya ci gaba da rufa mana asiri. Amma har yau ba ni da tabbacin ba ya kwance a wata tsohuwar waya. Na yi aure, kuma ranar taron mata na bikin a gidanmu an ce Yaya ta zo da wuri, ta yi aiki fiye da kowa, amma da aka fara kiɗa sai ta koma ɗakin Inna ta zauna da hijabinta har aka tashi. An ce haka take yi a kowane biki tun daga lokacin. Ba ta taɓa ce min saboda ni ne ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ba na cewa sayar da abin da ka gama da shi laifi ne, kuma ba na cewa sai an tara kaya a kwali. Abin da na koya shi ne waɗannan na'urori suna riƙe abin da mu muka manta, kuma wani lokaci abin da ke ciki ba naka ba ne, amanar wasu ce. 'Yan uwana masu gem, da masu canza waya ko kwamfuta, kafin ta bar hannunku ku zauna ku buɗe ta lungu-lungu, ku goge komai, in ba ku iya ba ku nemi wanda kuka yarda da shi ya yi a gabanku. Ni dukan da na sha a Mashi ya warke tun a makon. Yayata ce har yanzu take zama a ɗaki in ana biki.