'Yar Takarda a Kwanon Layya

Tun ranar da ƙanwar maigidana ta zo hutu daga Kwoi da wasu 'yan takardu sirara a cikin kwalba, hankalina bai kwanta da su ba. Malamar kimiyya ce, kuma irin mutanen nan ne da in suka samu sabon abu, sai kowa ya ji a jikinsa. Ta ce ana sa takardar kusa da nama ko kifi a rufe. In ya fara lalacewa, iskar da yake fitarwa, wadda hanci bai kai ga ji ba, za ta mai da ita shuɗiya. In lafiya yake, tana nan rawaya.

Na ce, "Wa ya yi ta? Shi wane nama yake ci?"

Ta ce, "Matarmu, wannan abu ba ya ƙarya. Sayans ne."

Ni dai ban yarda da abin da ba a iya yi masa tambaya ba. Kafin mako ya zagayo ta mai da kicin ɗina kotu. Kifin ƙanƙara da nake saya wurin wata 'yar Ibo a bakin tashar jirgi ya sha bincike, balangun da maigida ya shigo da shi ma bai tsira ba. Abin haushi, har ni na fara yi wa tukunyata kallon ɓarauniya.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta zo. Muna da tsohuwar maƙwabciya, Hajiya, matar wani tela. Tun muna amare take kawo mini naman layya a kwanon nan nata mai murfi, ni kuma in kai mata shinkafa da kaza ranar Kirsimeti. Ko bayan rikicin da ya sa suka koma wancan ɓangaren gari, ba ta taɓa aiko kowa ba, da kanta take hawa mashin ta zo. Kwanon kuma ba ya komawa haka nan, sai na cika shi da citta.

A shekarar nan sai washegarin Sallah ta zo. Na kai kwanon kicin, na koma falo muna gaisawa. Can na leƙa ɗauko mata ruwa, sai na tarar ƙanwar maigida ta jefa takardarta a cikin kwanon ta rufe.

Ta rage murya ta ce, "Don me ba ta kawo jiya ba? Ragowa ne, za ki gani."

Kafin in miƙa hannu, Hajiya ta shigo bayana, don ita ba baƙuwa ba ce a kicin ɗina. Ta buɗe kwanonta, ta ga abin kwance a gefen cinyar rago.

"Maman yara, wannan fa?"

Malama kuwa ta gyara tsayuwa ta yi mata darasi tiryan-tiryan. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, mu jira hukunci." Muka tsaya mu uku muna kallon takarda, tana nan rawaya abinta.

"Fresh ne," in ji malama.

"Da safen nan aka yanka rago na biyu," in ji Hajiya. "Na ce naki ya zo da ɗuminsa."

Ta juye naman a tasata, ta ɗauraye kwanon da kanta, ta fita da shi. Na bi ta da citta har bakin titi, ta ce in bari, mai mashin yana sauri. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kwashe takardun na zuba a murhu, amma aikin gama ya gama.

Da Kirsimeti na kai shinkafa. Ta karɓa da fara'a, ta sa albarka. Na dawo ina auna fara'ar, ina tambayar kaina ko an ci ko an zubar.

Da wata Sallar ta zagayo, tun safe nake zaune a baranda, cittata a ƙulle. Sai ga mashin. Hajiya ta sauko, babu kwano a hannunta. Zakara ne ja, an ɗaure masa ƙafa, yana ta fuffuka. Ta miƙo mini tana murmushi, na duba fuskarta iya dubawa, ban gane ko wasa take yi ba.

Ta ce, "Ungo, Maman yara. Wannan da ransa yake, ba sai an sa masa takarda ba."