Ranar da Na Rufe Ƙyauren Mota da Hannu Guda

Shekarar da gero ya bushe tun bai fidda kai ba, ina tuƙa tsohuwar bashe ta baffana, ƙaramar motar ɗaukar kaya, tsakanin Tasawa da Mayahi. Ƙyauren bayanta an taɓa lulluɓe shi da farantin ƙarfe, ya yi nauyin da sai mutum biyu ke ɗaga shi. Kafaɗata ta riƙe, har ɗaga hannu in yi kabbara sai na cije.

Wani makanike a Tasawa ya yi mini dabara. Ya ciro siririyar sandar ƙarfe daga wata matacciyar mota, ya ɗaure baki guda a jikin bodi, ɗayan a jikin ƙyauren. In ana saukewa sai sandar ta murɗe, ƙyauren ya sauka a hankali. In ana rufewa sai ta warware ta taya mutum. Na yi ta buɗewa ina rufewa a bakin garejin, ina dariya.

Bayan sati biyu sojoji suka tsayar da motocin tasha don kai dawar agaji ƙauyuka. Ba a tambayi kowa ba. Aka ɗora mini buhuna da soja guda, aka ce arewacin Issawane.

Buhunan suka ƙare, layi bai kai rabi ba. Mata suka yi caa a bayan motar suna share ƙwayar da ta zube, wasu da tafin hannu, wasu da bakin zane. Sojan ya tsorata, na gani a idonsa.

"Direba, rufe mu tafi!"

"Ranka ya daɗe, a bari su gama."

"Na ce rufe!"

Da a da ne, sai na nemi mai kama mini, kafin nan kowa ya janye. Ranar hannu guda na sa. Ƙyauren ya tashi da sauri, sai na ji ƙara. Wata tsohuwa ce, ta zura yatsunta cikin tsagin da ke tsakanin ƙyauren da bodi tana ƙwaƙulo dawa.

Sojan da kansa ya ɗauke ta ya sa a gaba. Duk hanyar Mayahi, cikin yashi, ina ta cewa, "Inna, ki gafarce ni." Da muka kusa gari sai ta juyo gare ni.

"Ɗana, ƙwaryata fa? Wa ya ɗauka?"

Ban sani ba. Na ce tana hannun maƙwabta.

A gidan likita aka cire mata yatsu biyu. Kwana huɗu matata na kai mata kunu, sannan na mayar da ita gida da tiya uku na gero daga abin da ya rage mana.

Da damina ta kewayo na bi ta ƙauyen. Gidanta ba rufi. Wani makiyayi a bakin rijiya ya ce ita da mutanen gidan sun yi kudu tun kafin azumi, bai san garin ba.