Garmahon da Malam Mai Rediyo Bai Gama Gyarawa Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga wannan wata, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Mai Rediyo, mai ɗan shagon gyara da ke ƙarƙashin bene, daura da inda bas ke tsayawa. Ni ban ji ba sai washegari. Na je leƙa aikinmu, na tarar da ƙofa a rufe, telan da ke maƙwabtaka da shi ya fito da almakashi a hannu ya gaya mini.

Malam, ba ka taɓa yarda in ce maka "lafiya lau" in wuce ba. Sai ka ajiye sukudireba, ka sauke tabarau, ka ce, "Ɗaya bayan ɗaya." To ga su. Autata tana nan lafiya, ta koma makaranta. Jikata ta yi mura, ta warke. Surukata ƙafafunta sun kumbura, cikin ya tsufa. Ni gwiwa ce, kamar kullum. Babban ɗana, wanda kake kira Direba, hannuwansa suna nan yadda ka san su. A kansa nake wannan rubutu, da kai, da injin da ka bari a buɗe a kan teburinka. Da furfura a kaina na koyi riƙe biro, saboda haka a yi haƙuri da inda na kasa.

Bari in faɗi yadda na san ka, domin 'ya'yanka su ji. Ɗana direban babbar mota ne. Bara ya yi hatsari, Allah Ya bar shi da rai, amma hannuwansa suka kama rawa. Kofi ma da hannu biyu yake ɗauka, kuma ba a cika masa shi. Da ya daina fita, abin da ya rage masa shi ne faya-fayan garmahon da marigayi ubansa ya bari, da tsohon injinsu, irin wanda ake ɗaga hannunsa da yatsa a ɗora allura a bakin faifai. Wata rana ya ce shi zai sa da kansa. Hannu ya kuɓuce masa, allura ta ja layi tun daga baki har tsakiyar faifan da ubansa ya fi so. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya rufe injin da zane, ya juya kujerarsa ta fuskanci bango. Matarsa ta ce za ta riƙa sa masa, ya ce shi ba jariri ba ne. Wannan shirun ya fi hatsarin ba ni tsoro.

Haka na ɗauko faifan a jaka na zo shagonka, ina tambaya ko ana ɗinke faifai. Ba ka yi mini dariya ba. Ka ɗaga shi a haske, ka ce rauni a faifai ba ya warkewa, sannan ka tambayi yadda aka yi. Da na gama, ka shiga can ciki ka fito da wani inji shimfiɗaɗɗe mai launin azurfa, ƙura ta yi masa bargo. Ka ce wani ya kawo sayarwa da daɗewa, kowa tsoronsa yake ji. Hannunsa gajere ne, kuma ba ya lilo daga gefe kamar na gidanmu. A kan wani siririn ƙarfe yake tafiya a miƙe, kamar jirgi a kan dogo. Ba a taɓa shi da yatsa ko kaɗan. A ɗora faifai, a rufe murfi, a danna maɓalli, shi zai je, ya sauka, ya gama, ya koma wurinsa. Ka ce, "Ko da gwiwar hannu ɗanki ya danna, zai tafi."

A take na ce zan saya, kai kuma ka hana ni. Wannan ne ya fara ɗaure mini kai game da kai: mai kaya yana korar mai saye. Ka ce ba a sayen tsohon inji a tsaye. Kowane tsohon inji yana da daɗin murya a waƙar farko, kamar baƙo ranar da ya sauka. Sai an zauna an saurara har waƙar ƙarshe, allura ta ɗaga da kanta, sannan a yi ciniki. Telan maƙwabcinka ya shaida mini haka kake yi wa kowa. Akwai mai gaggawar da ya ce jirgi zai bar shi, ka ce ya je ya hau jirginsa, injin ba ya gudu.

Daga nan na zama 'yar gida. Kowace Asabar ina kan bencinka, ina tambaya, har ka raɗa mini Mai Tambaya. Na ce wa ke gaya wa hannun ya matsa, tunda ba mai tura shi? Ka nuna mini wani ɗan ido, bai kai ƙwayar gero ba. In allura ta bi layin faifai ta ja hannun ya ɗan karkace, idon zai gani, ya tada wani ɗan inji a ciki, ya matsar da hannun kamar faɗin gashi. Haka har ƙarshe. Na ce to don me a miƙe? Ka ce ai tun a masana'anta a miƙe aka tsaga layin faifai, shi wannan yana bin sawun wanda ya tsaga ne. Na kwana ina juya wannan magana. Ashe akwai mutanen da suka zauna suka yi tunanin faɗin gashi, alhali ni ina can ina wanke-wanke ban san ana yi ba.

Na kuma tambaye ka, in yana da kyau haka, me ya sa aka daina ƙera shi? Ba ka ɓoye mini komai ba. Ka ce kayan cikinsa sun yi yawa, kuma kowanne yana tsufa. Akwai ɗan bel na roba da ke sakewa ko ya narke kamar cingam. Akwai giris ɗin kan ƙarfen da ke daskarewa ya riƙe hannun. In idon nan ya mutu, samun wani sai an dace. Allurarsa kam da sauƙi, cirewa ake yi a cusa sabuwa. Amma masu gyara da yawa in suka gan shi sai su ce ba lokaci. "Ga mai lafiyayyen hannu," in ji ka, "zan ce ya sayi mai sauƙi ya huta. Ga ɗanki, wannan ya fi, muddin akwai mai duba shi." Na ce ai ga ka. Ka yi murmushi ka ce, "Ni ma tsohon inji ne, Mai Tambaya, ba a san a waƙa ta nawa nake ba."

Ƙanena da ya ji labari ya ce ɓata lokaci nake yi. "Yaya, duk waƙoƙin nan suna cikin waya. Me za ki yi da gawar inji?" Ba ƙarya ya yi ba. An sa wa ɗana a waya, ya saurara kaɗan ya ce a kashe. Abin da yake so shi ne ya zaro faifai daga kwalin da ubansa ya riƙe, ya sa da kansa, ba tare da ya kira kowa ba. Ban san yadda zan bayyana wa ƙanena wannan ba. Kai ba sai da na bayyana maka ba.

Akwai alherinka guda da ba zan manta ba. Na tsaya ina haɗa baƙaƙen da ke jikin kwalin wani faifai, ina yi a hankali, ga mutane suna jira. Ba ka ƙarasa mini kalmar ba, ba ka kuma bar wani ya ƙarasa ba. Daga baya ka yanko farin salatif ka manna a ƙarƙashin maɓallan injin, ka miƙo mini biro, ka ce ni zan rubuta. Na rubuta Tafi, na rubuta Tsaya, na rubuta Ɗaga. Ka duba ka ce rubutuna ya fi na likita. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Mai gadin benenku ya ce tocilansa ba ta taɓa mutuwa ta kwana ba. Mai sayar da jarida ya ce rediyonsa ta fi shekara goma tana raye a hannunka.

Ka aika aka nemo wa injin sabon bel, domin nasa ya sake. Ka ce in zo da ɗana ranar Asabar mu zauna mu saurara har ƙarshe. Kafin Asabar ɗin Allah Ya yi ikonsa.

Ba zan ɓoye ba, bayan kukan rashinka, wani tunani ya hana ni sukuni. Ka ce muddin akwai mai duba shi. Yanzu babu. In na kai wa ɗana inji ya saba da shi, ya tsaya bayan wata biyu, ba na sake juya kujerarsa bango da hannuna ba? In kuma na bari, me zan kai masa?

A makon jiya babbar 'yarka ta buɗe shagon domin masu kaya su ɗauki kayansu. Na roƙi ɗana ya raka ni, ya ce ta'aziyya kawai zai yi. Mun tarar da injin yadda ka bar shi, an cire masa marfin baya, sabon bel a ciki, ga kwalbar sifirit, ga tsinke da auduga a bakinsa. 'Yarka ta ce a kansa kake lokacin da ka ce jiri kake ji. Na gaya mata ƙa'idarka. Ta ce, "Ai mun sha ta a gida, Mama. Ko fanka ba ya saye a tsaye." Ta jawo mana benci.

Ɗana ya ɗora faifai da hannu biyu, ya daɗe kafin ramin tsakiyarsa ya shiga sandar injin. Ba wanda ya taimaka. Ya rufe murfi, ya dunƙule hannu, ya danna Tafi da gaɓar yatsa. Malam, da ka ga yadda hannun nan ya taso, ya tafi a natse, ya sauka a bakin faifai ba ko ƙara. Ni ba waƙar nake ji ba, fuskar ɗana nake kallo. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, ya fara kaɗa ƙafa. Muna shiga ta ƙarshe, mawaƙin ya kama maimaita kalma ɗaya, yana komawa, yana komawa. Hannun ya tsaya.

Na ɗauka ɗana zai tashi ya fita. Sai na ga ya danna Ɗaga, ya danna Tsaya, hannun ya koma wurinsa. Ya sunkuya yana leƙa ƙarfen, ya ce a haska masa. "Inna, zo ki gani. Daga nan zuwa nan yana ƙyalli, Malam ya goge. Nan ƙarshen ne bai kai ba. Tsohon giris ne, na san shi a mota." Ya ɗauki tsinken, hannunsa ya ƙi tsayawa, ya dube shi, sannan ya miƙo mini. "Ke da kike zura zare a allura ba tabarau. Cire wuta tukuna."

Haka na ƙarasa aikinka, Malam, shi yana faɗa ina yi. "A hankali, Inna, ba tukunya kike kankarewa ba." Na ce ya yi mini shiru, na girme shi. 'Yarka tana dariya tana share hawaye. Na goge har audugar ta daina fitowa da baƙi, na ɗiga mai kaɗan inda ya nuna. Na ce a sa waƙar ƙarshe mu gani. Ya ce a'a, daga farko, haka Malam ya ce. Muka sake zama. Wannan karon hannun ya kai ƙarshe, allura ta ɗaga da kanta, ta koma gida. Rabon da in ji ɗana ya yi magana mai tsawo haka tun kafin hatsarin.

Har yanzu ina da tambayoyin da ban samu na yi maka ba. Ban san me ke kashe ɗan idon nan ba, ban san ko bel ɗin zai kai shekara nawa ba. Wataƙila wata rana ya tsaya inda kan ɗana da hannuna ba za su iya ba. Amma ka ce ya cancanci saye in akwai mai duba shi, kuma yanzu akwai, ko da yake mutum biyu ne suka haɗu suka zama rabinka.

Zuwa ga 'ya'yan Malam: yayarku ta ce ba za ta yanke hukunci ita kaɗai ba, domin injin nan shi ne abu na ƙarshe da hannun mahaifinku ya taɓa, kuma wani cikinku zai iya so ya ajiye. In haka ne, wallahi ba zan ji haushi ba, hakkinku ne. In kuwa kun yarda ku sayar mana, ina roƙo a sanar da ni kafin Asabar mai zuwa, ranar da za a kwashe shagon a mayar da makulli. A bar saƙo wurin tela. Ɗana bai tambaye ni ba, amma jiya na ga ya sa matarsa ta share kan teburin ɗakinsa, kuma kujerar ta daina kallon bango.

Allah Ya jiƙan Malam Mai Rediyo, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa gaskiyar da ya riƙa gaya wa masu saye ta tsaya masa ranar da ba ciniki. Allah Ya ba matarsa da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, Ya ba maƙwabtansa na ƙarƙashin bene dangana. Mu kuma da muke kan layi, Allah Ya kai mu ƙarshe lafiya. Amin.