Badaru da Katifar Afra'u

A tashar Gaya ba a gardamar roba da Badaru. Tun yana saurayi yake ɗaure kaya a saman motocin Kano da Ajingi, da tsohon tub na tayar mota da yake yankawa da hannunsa. Kafin ya ɗaure komai sai ya ja robar, ya kanne ido ɗaya, ya faɗi iyakar inda za ta miƙe ba ta tsinke ba. Kuma yakan dace, abin haushin ke nan, don daga nan sai wa'azi: wai duk abin da aka matse, roba ko soso, in an sake shi zai koma yadda yake.

Da bikin 'yarsa Afra'u ya matso, matarsa Lauratu ta roƙe shi ya bar katifar amarya a shimfiɗe. Ina! Ya naɗe ta, ya bi ta da roba har jijiyar wuyansa ta fito, ya cusa ta lungu tun saura makonni. Sannan ya jingina mata buhunan gyaɗa ta gefe guda.

Ranar jere a gidan ango, a garin Balan, mata suka kwance ta. Katifa ta buɗe, amma a karkace: samanta ya yi gabas, ƙasanta yana nan inda yake, gefe ɗaya ya lotsa. Aka jira ta dawo, ta ƙi. Aka zaunar da Gwaggo Hure, wadda ta fi kowa jiki, a ɗaya gefen, duk a banza. Dangin ango kuwa sai tambaya suke ko sabon yayi ne daga Kano.

Labari ya iske Badaru a tasha. Ya ji kunya, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne 'yarsa ya sa aka yi wa dariya a gidan miji. Ya aika cewa lallai zai canza katifar.

Lauratu ce ta kawo amsa. "Malam, 'yarka ta ce ka bar mata abarta. Wai duk sanda ta gangara jikin bango sai ta tuna da kai, kewar gida ta ragu."

Badaru bai yi wa'azi ba ranar. Ya zagaya bayan mota ya goge ido, sannan ya ɗaure kayan wani fasinja sakwa-sakwa, har direba ya kira shi ya sake ɗaurin.