Kwalabe Shida a Firizar Kawu

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, yarinya mai yawan shiru, mai rubuta waƙa a bayan littafin darasi. Aikin kammala karatuna a kan wata halitta ne mai yauƙi, mai kama da funfuna, da ke zaune ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Ba ta da ƙafa amma tana tafiya, ni kuwa nakan yini a ɗakin gwaji ina kallonta. Wata takwas na yi ina kiwonta, ina tace sinadarin da ke ba miyosin umarni, wato furotin ɗin da ke sa jiki motsi. Abin da na samu kwalabe shida ne, kowace kamar ɗan yatsa, kuma zafi kaɗan ke lalata abin da ke ciki.

Sai aka shiga yajin aiki, janaretan sashenmu ya tsaya. Malamina ya yarda in tafi da su cikin fulas ɗin ƙanƙara, ya ce lallai in yi wa duk wanda zan sa su a firizarsa bayani. Gidanmu na Gashuwa ba firiza, sai na wuce Nguru wurin Kawu, mai sana'ar ƙanƙara. Matarsa, da nake kira Inna, ta tambayi abin da ke cikin ledar da na ƙunshe kwalaben na sa a firizarsu. Kunya ta kama ni. Dangi duk Likita suke kirana, ta yaya zan ce funfuna nake kiwo? Na ce 'yar ajiya ce kawai. Ta yi dariya, ta ce mu 'yan boko ba ma rabo da ƙunshe-ƙunshe.

Ana gobe azumi ta kwashe firizar don ta samu wurin zoɓo. Ledata kuwa ta adana ta cikin kwalla tare da turamenta, kada yara su taɓa. Da na zo bayan Sallah ta miƙo mini ita da ɗumi, tana ƙanshin turaren wuta, ta ce in duba, ko ɗaya ba ta fashe ba. Na durƙusa na yi godiya. Sai a motar Gashuwa na yi kukana.

Shekara guda na maimaita, tsarana suka fita suka bar ni. Ban taɓa ganin laifin Inna ba. Ta riƙe amanar yadda ta fahimce ta, ni ce na ɓoye mata. 'Yan'uwana ɗalibai, duk abin da za ku ba wani ajiya ku faɗa masa mene ne, ko da zai yi muku dariya. Dariyar yini ɗaya na guje wa.